Takin Bola: Abin Da Ke Ruɓewa Da Abin Da Ba Ya Ruɓewa



Da zarar sanyi ya wuce aka shiga watan Fabrairu da Maris, duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Bakori har Malumfashi zai ga tsibi-tsibin taki an jera a gonaki, ana jiran ruwan shuka. Wani na shanu ne, wani na awaki da tumaki, wani na kaji. Amma in mutum ya matsa kusa, zai tarar wasu tsibin baƙi ne wuluk, leda tana kaɗawa a kansu, ga fasassun kwalabe da gwangwanaye. Wannan shi ne takin bola, wanda tifa ko amalanke ke kwasowa daga jujin gari. Tun da takin zamani ya yi tsada, musamman daga 2022, manoma da yawa sun koma gare shi, domin yana da araha, kuma masara tana yin kyau a kansa.

Ba za mu ce muku takin bola ba ya aiki ba, gama idanunku sun ga aikinsa. Abin da muke so mu bayyana shi ne, kaya iri biyu ne a cikin kowace tifa. Akwai wanda zai ruɓe ya ciyar da gona shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma wanda ba ya ruɓewa, zai zauna cikin ƙasa har jikokinmu su gāji gonar tare da shi. A kan wannan na biyun za mu yi magana.

Al'adar tsohuwa ce, sharar ce ta sāke

Kai sharar gari gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A kewayen birnin Kano, tun kaka da kakanni manoma ke shiga gari da jakuna ɗauke da itace, su komo da mangala cike da taki. Wani malamin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin wannan al'ada tun shekarun 1960, ya nuna yadda ta taimaka wa gonakin Kano su riƙa ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba.

Amma mu tambayi kanmu, me ke cikin sharar wancan zamani? Tokar murhu ce, da kashin dabbobi, da dusa, da ƙaiƙayi, da tsohuwar tabarmar kaba, da fasasshiyar ƙwarya, da ganyen da aka ƙunshe kaya a ciki. Kusan dukansu daga gona suka fito, gona kuma suka koma.

Sharar gari ta yau dabam take. A bola ɗaya ake zubar da sharar gida, da ta garejin makanikai, da ta mai cajin batir, da ta mai gyaran rediyo da waya, da ta mai fenti, wani lokaci har da ta ɗakin shan magani. Sa'an nan a cinna mata wuta, ta yi kwanaki tana ci. In ta huce, komai ya zama baƙar ƙasa iri ɗaya, ba mai iya rarrabe tokar kara da tokar batir da ido.

Waɗanne ƙarafa ne ake nufi?

Masana suna kiransu ƙarafa masu nauyi. Wasu daga cikinsu, kamar tutiya da jan ƙarfe, shuka da jikin mutum suna bukatar ɗan kaɗan, sai in sun yi yawa suke cutarwa. Wasu kuwa jiki ba ya bukatarsu ko kaɗan. Guda huɗu ne suka fi shafarmu.

Na farko dalma. A nan sai mu lura, domin a bakin mutane da yawa har tukunyar alminiyom ana ce mata tukunyar dalma. Dalmar da muke nufi ita ce ƙarfen nan mai nauyi, mai laushi, mai launin toka, wanda ke cikin batirin mota da na babur da na sola. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce. Ana samunta kuma cikin ƙananan batura na fitilun caji da yawa, da gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya, da abin da masu gyaran rediyo ke narkawa su yi liƙi, da wasu fenti. A dā har cikin man fetur ake zuba ta. Ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Amma dalmar da hayaƙin motoci ya zubar a gefen manyan hanyoyi da tashoshin mota tana nan cikin ƙurar da ake sharewa a kai bola.

Na biyu kadmiyom. Yana cikin wasu batura masu caji, da wasu robobi da fenti masu launin rawaya ko ja. Shi ne shuka ta fi saurin zuƙa ta saiwa.

Na uku kuromiyom. Da shi kamfanonin jima na zamani suke jeme fata, maimakon bagaruwar da majemanmu na gargajiya suka sani. Yana fitowa cikin ruwan da suke zubarwa da guntayen fatar da suke yarwa.

Na huɗu zaiba, wadda ke cikin dogayen ƙwan fitila da masu murɗaɗɗen gilashi, da tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, da wasu ƙananan batura.

Ban da waɗannan akwai baƙin mai da ake juyewa daga injin mota, wanda yake ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa iri-iri.

Me ya sa ba sa barin ƙasa?

Ɓawon rogo da kashin akuya abinci ne ga tsutsotsi da gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Suna cinye su, su mai da su taki. Dalma kuwa ba abin da ke cin ta. Rana ba ta kashe ta, ruwan sama ba ya wanke ta da sauƙi, wuta kuma ba ta ƙone ta. In an ƙone bola, takarda da leda da tsumma ne suke tafiya cikin hayaƙi, yawancin ƙarfen ya rage cikin toka. Shi ya sa buhu ɗaya na tokar bola kan ɗauki ƙarfe fiye da buhu ɗaya na sharar da ba a ƙone ba.

In an watsa wannan toka a gona, ƙarafan suna manne wa laka da ruɓaɓɓen ganye a saman ƙasa, daidai zurfin da garma ke kaiwa, wato daidai inda saiwar amfanin gona take. Albarkar takin tana ƙarewa cikin damina ɗaya ko biyu, manomi ya sake sayo wata tifa. Ƙarfen bara kuwa bai tafi ko'ina ba, na bana ya hau kansa. Dalma tana iya zama cikin ƙasa shekaru ɗaruruwa. Ke nan, gonar da aka yi shekara goma ana zuba mata takin bola tana ɗauke da ƙarfen shekara goma.

Akwai wani abu kuma. In ƙasa ta yi tsami, ƙarafan nan sukan saki laka su narke cikin ruwa, saiwa ta zuƙe su da sauƙi. Yawan zuba yuriya ita kaɗai shekara da shekaru yana ƙara wa ƙasa tsami. Toka kuwa tana rage tsami, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa amfanin gona ke yin kyau a kan takin bola. Muddin ana zuba tokar, ƙarfen yana kwance a ɗaure. Ranar da aka daina, ƙasa ta koma tsami, sai ya fara motsi.

Abin da aka auna a garuruwan da ke kewaye da mu

A Kano, kamfanonin jima da sauran masana'antu suna unguwannin Challawa da Sharaɗa da Bompai. Ruwan da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wanda ke kwashe ƙazantar cikin birni, manoman rani kuma suna ban ruwa da shi. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun auna ƙasa da kayan lambun wuraren nan sau da yawa, sun sha samun kuromiyom da dalma da kadmiyom sama da iyakar da hukumomin lafiya suka yarda da ita. A Zariya ma an auna ƙasar manyan bololi da ganyayen da ke tsirowa a kansu, aka sami ƙarafan nan fiye da na ƙasar da ke nesa da bola.

A Jos, inda manoman rani suka daɗe suna sayen tokar bola domin lambunansu, an yi bincike a farkon shekarun 2000. An tabbatar cewa tokar tana ciyar da ƙasa tana kuma rage mata tsami. Amma an ga cewa ba ta da tabbas: wani ɗibar yana da tsabta, wani kuma yana da dalma da yawa, gwargwadon abin da aka zubar a bolar. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Funtua da Malumfashi ba su da tarin masana'antu irin na Kano, amma suna da gareji, da masu cajin batir, da 'yan gwangwan, da masu gyaran waya da janareta. Sola kuma ta shiga ƙauyuka, kowace tana da batirin da wata rana zai mutu.

Domin mu gane ƙanƙantar abin da ke iya cutarwa, ga misali. Hukumar da ke tsara ma'aunin abinci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa iyakar dalma cikin ganyayen miya a kan miligiram 0.3 a kowane kilo. Wato kashi 3 cikin kashi miliyan 10. Abin da bai kai wannan girma ba, harshe ba zai ɗanɗana shi ba, ido ma ba zai gan shi ba. Alayyafon da ya sha ƙarfe yana iya fin na maƙwabcinsa kore da faɗin ganye.

Ta ina suke shiga jikin mutum?

Hanya ta fari ita ce ƙura da ƙasa. Ga dalma, wannan ce babbar ƙofa. Yaro mai rarrafe yana wasa a ƙasa, yana sa hannu a baki. Mai tankaɗe taki yana shaƙar ƙura, ya koma gida da ita a riga da gashin kai, ya ɗauki jariri.

Hanya ta biyu abinci. Ganyaye irin su alayyafo, latas, kabeji, yakuwa, rama da lalo su suka fi ɗauka, ta saiwa da kuma ƙurar da ke manne musu. Sai masu yin 'ya'ya cikin ƙasa, kamar karas da dankali. Dalma ba ta cika hawa har cikin ƙwayar masara ko dawa ba, ko cikin tumatir da tattasai, amma kadmiyom yana shiga ƙwayar shinkafa.

Hanya ta uku ruwa. Da damina ruwa yana ratsa bola ya fito baƙi, ya gangara fadama ko ya nutse cikin rijiyar da ba ta da zurfi. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da ƙarfe.

Hanya ta huɗu dabbobi. Saniya tana son lasar fasasshen batir, kuma batir ɗaya ya isa ya kashe shanu fiye da ɗaya. Dabbar da ta saba kiwo a bola, ƙarafan suna taruwa a hanta da ƙodarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma cikin jini da za a ce ba ya cutarwa. Cikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba, yaron da jininsa ya yi ƙasa ko ba ya samun abinci mai gina jiki kuma ya fi tsotsewa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa. In kaɗan ce, ba a ganin ciwo, sai dai yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu, ya yi yawan fushi, a ce masa daƙiƙi alhali cuta ce. In ta yi yawa sai ciwon ciki, da amai, da rashin jini, da taune-taune, har mutuwa. Tana ɓuya cikin ƙashi shekaru da yawa, in mace ta yi ciki ta fito ta shiga jikin ɗan da ke ciki. Ga manya tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Kadmiyom shi kuma ƙoda yake zama, shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita, yana kuma raunana ƙashi. A 2020, rahoton asusun yara na UNICEF ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har kimanin miliyan 800, yana da dalma cikin jini a matakin da ya kamata a ɗauki mataki.

Darasi daga wurare uku

Wuraren da za mu ambata ba takin bola ne ya cuce su ba. Mun kawo su domin suna nuna abin da ke faruwa in ƙarfe mai guba ya shiga ƙasar da mutane ke zaune a kai.

Na kusa da mu shi ne Zamfara. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa da taune-taune a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana da dalma da yawa, ana kuma kawo shi cikin gida a daka, a niƙa, ƙurarsa ta cika tsakar gida. Yara kimanin 400 suka rasu. Mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu sun fara mutuwa tun kafin yara, amma ba wanda ya san alama ce. Da aka zo magani, likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani a mai da shi kan ƙasar da ta sa masa cutar. Dole aka kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka kai ta rami aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Garin Bagega sai a 2013 aka samu aka yi masa wannan aiki. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Na biyu a ƙasar Senegal ne, a unguwar Thiaroye-sur-Mer ta gefen birnin Dakar. An yi shekaru ana fasa tsofaffin baturan mota a wurin. Da dalma ta yi kuɗi, mata suka shiga kwasar ƙasar wurin suna kaiwa gida suna tankaɗewa domin su tsinci guntayenta su sayar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu. Duk mai tankaɗe busasshen takin bola a tsakar gida ya riƙe wannan labari.

Na uku a Japan ne, a yankin Toyama. Ruwan wata mahaƙar ma'adinai ya kai kadmiyom cikin kogin Jinzu, wanda ake ban ruwan shinkafa da shi. Manoma suka yi shekaru suna cin shinkafarsu, har ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka riƙa karyewa, musamman mata da suka manyanta. Gwamnatin ƙasar ta amince da musabbabin cutar a 1968, aikin sauya ƙasar gonakin kuwa bai ƙare ba sai 2012. In ƙasa mai arziki irin Japan ta ɗauki wannan tsawon lokaci, mu da ba mu da komai sai gonar gādo, rigakafi ya fi mana magani.

Kafin ka sayi tifa

1. Ka san bolar da aka ɗebo. In da hali ka je da kanka ka gani, kada ka dogara da bakin direba. Ka guji bolar da ke kusa da gareji, masu cajin batir, 'yan gwangwan, masu gyaran lantarki, masu fenti, marina, majema ta zamani ko asibiti.

2. Ka fi neman takin da ka san asalinsa: na kasuwar dabbobi, na mayanka, na gidan kaji, ƙaiƙayin kasuwar hatsi, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, da kashin shanu daga mashekari.

3. Tsohuwar bola da ta sha wuta sau da yawa, wadda ake so saboda baƙinta da laushinta, ita ta fi tara ƙarfe. Baƙin ƙasa ba shaidar tsabta ba ne.

4. In ka riga ka saya, ka sauke a gona, nesa da gida da rijiya. Ka yayyafa ruwa kafin ka taɓa, domin ƙura ta kwanta. Ka rufe hanci da baki, ka sa takalmi da safar hannu. Ka tsince batura, ƙwan fitila, wayoyi, gwangwanin fenti, allurai da kwalabe. Amma ka sani tsincewa tana rage haɗari ne kawai, domin abin da ya riga ya zama toka ba ya tsintuwa.

5. Kada yara da mata masu ciki ko masu goyo su yi aikin tsinta, tankaɗe ko watsa takin bola.

6. Kada a sa shi a lambu, ko fadamar shinkafa, ko ɗan shingen bayan gida inda ake shuka ganyen miya.

7. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a yi wanka, a sāke tufafi kafin a ɗauki yaro. Tufafin aikin a wanke su dabam.

Abin da mata za su iya yi a gida

A raba shara gida biyu. Abin da ke ruɓewa, wato tokar itace, ɓawo, sauran abinci, kashin dabbobi da ganye, a zuba a rami bayan gida, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin 'yan watanni zai zama takin da kuka san duk abin da ke cikinsa. Matattun batura da ƙwan fitila kuwa a tara su cikin tsohon bokiti mai murfi, inda yaro da akuya ba za su kai ba. Kada a jefa su cikin murhu, ko ramin taki, ko masai. Kada a bar yara su fasa batir su yi wasa da baƙin cikinsa. Tsohon batirin mota ko na sola a mayar wa dillalinsa yadda yake, kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a ƙasa, kwankonsa kuma kada a mai da shi abin ba kaji ruwa.

Ganyen miya, na gona ko na kasuwa, a zubar da na waje, a wanke sauran sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta. Karas da dankali a fere su. Wankewa tana fitar da ƙurar da ke manne, ita ce kuwa ke ɗauke da yawancin dalmar. A riƙa yayyafa ruwa kafin a share tsakar gida, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma. A ciyar da yara wake, waken suya, gyaɗa, zogale, ƙwai, kifi da nono gwargwadon hali, domin cikin da ya ƙoshi da abinci mai kyau ba ya tsotsar dalma kamar na mai yunwa. Wannan kāriya ce, ba ta fitar da gubar da ta riga ta shiga. Haka kuma a kula da kwalli, domin an auna wasu irinsa aka tarar yawancinsa dalma ce. Kada a sa wa jariri.

In gonar ta riga ta sha takin bola

Kada hankali ya tashi, ba kowace tifa ce ke da guba ba. Hanyar sani ita ce awo. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ba ta da nisa da mu, malamin gona na yankinku kuma zai iya nuna muku yadda za a kai ƙasa ɗakin awo. A ɗebi ƙasa daga wurare goma ko fiye a faɗin gonar, zurfin tafin hannu, a gauraya, a zuba kamar rabin mudu cikin sabuwar leda, a rubuta suna da wurin. A faɗa musu sarai cewa dalma da kadmiyom da kuromiyom ake so a duba, gama awon da aka saba yi na ƙarfin ƙasa ne kawai. Awon yana cin kuɗi, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: manoma goma da suka sayi taki daga bola ɗaya suna iya haɗa kuɗi su fara da gonar da ta fi sha.

Kafin sakamako ya fito, ko in ya fito da matsala, a daina ƙara takin bola, a koma takin dabbobi da na rami, domin suna taimakawa wajen ɗaure ƙarafan. A shuka auduga, ko masara da dawa, ko itatuwan katako da na inuwa, a bar ganyen miya da shinkafa. Kada a shanya hatsi a kan ƙasar kai tsaye.

A lura kuma da filaye. Garuruwanmu suna faɗaɗa, tsohuwar bola da kududdufin da aka cike da shara sun zama fulotai. Kafin a sayi fili domin gida, makaranta ko majami'a, a tambayi tsofaffin unguwar me ke wurin a dā. In tsohuwar bola ce, kada a haƙa rijiyar sha, kada a yi lambu. Wurin wasan yara a rufe shi da jar ƙasa mai kauri daga wuri mai tsabta, ko a yi masa daɓen siminti.

In yaro yana yawan ciwon ciki, ko rashin jini, ko taune-taunen da maganin zazzaɓin cizon sauro bai tsayar ba, musamman in yara da yawa ne a gida ɗaya, ko kaji da agwagi suna mutuwa ba dalili, a kai shi asibiti da sauri. A gaya wa likita irin aikin da ake yi a gidan da irin takin da ake taɓawa, a tambaye shi inda za a auna dalma cikin jini. Akwai maganin da ke fitar da ita in ta yi yawa, amma likita ne kaɗai ke ba da shi, kuma abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya komawa.

Muna roƙon dattawa, da shugabannin zumuntar mata da ta matasa, su karanta wannan takarda a taronsu saboda waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma kai maganar ga maƙwabta da mai unguwa, gama bola ɗaya muke ɗiba, kasuwa ɗaya muke ci. Kowane ƙauye ya keɓe wuri guda na tara matattun batura, ya kuma fara ramukan taki tun yanzu, domin na baɗi ya samu kafin lokacin kai taki gona.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu.